Yaro mai ƙwaƙwalwa amma ba ya iya zama waje ɗaya: me zan yi masa a aji mai cunkoso?

Malamar Aji Uku, Kano:

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano, aji uku nake riƙe da shi. Yaran ajin sun haura 80, wasu a benci, wasu a ƙasa kan tabarma. Shawara nake nema a kan yaro ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 9.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wannan na tabbata. In na jefo tambayar lissafi da baki, kafin in rufe baki ya amsa, kuma yawanci daidai. Amma in na rubuta lissafi 10 a allo na ce a kwafa a yi, zai yi biyu, ya bar na uku a rabi, sai in hango shi yana kwance biro yana ciro bututun tawada, ko ya maƙale a taga yana kallon masu awara a bakin ƙofa. Fensirinsa kullum a ɓace. Littafin Hausa ya yi lissafi a ciki, na lissafin kuma yana gida. Ba ya jiran a kira sunansa, ba ya iya tsayawa a layi, in ana karatu ƙafarsa na kaɗa benci har na kusa da shi su kawo ƙara. Kuma ba mugu ba ne. In ya ture wani zai dawo ya ba shi haƙuri, wani lokaci har ya raba masa kuɗin tara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunan da ya yi. Tun daga aji ɗaya malamai sun san shi: wannan mara jin, wannan mai kunnen ƙashin. Duk wanda ya shigo ajin da dorina shi zai fara nema da ido. An sa shi tsallen kwaɗo, an sa shi kama kunne, an tsayar da shi a rana. Zai yi kuka ya yi alƙawari, kuma wallahi na yarda har zuciyarsa yake alƙawarin, amma kafin a tashi ya koma. Yanzu har ya fara faɗa da bakinsa, "Malama, ni ai ba na ji." Yaro ɗan shekara 9 ya yanke wa kansa hukunci.

Mahaifiyarsa ta zo na tambaye ta. Ta ce a gida ma haka yake tun yana ƙarami. A aike shi sayo magi da gishiri da attaruhu, ya dawo da magi kaɗai, canjin ma ya manta a shago. An yi masa rubutu ya sha, an kai shi ruƙiyya. Amma ta ce malamin Islamiyyarsu yana yabon haddarsa, ya wuce sa'o'insa. Wata ƙawata da ta karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta ce alamun sun yi kama da abin da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin nutsuwa da yawan motsi.

Ni ba suna nake nema masa ba, yana da sunaye da yawa. So nake in san abin da zan iya yi gobe da safe, ni kaɗai, da alli da allo da yara sama da 80. Kuma in akwai buƙatar asibiti, ina za a kai shi?

Tsohon Hedimasta, Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah Ya yi miki albarka 'yata, da kika ga yaro a inda wasu ke ganin fitina. Na yi ritaya yanzu, amma babu shekarar da na yi a aji ban gamu da irinsa ba.

Ki riƙe maganar da mahaifiyarsa ta faɗa kan Islamiyya, amsarki na ciki. Ki duba yadda ake karatun allo. Ana rubuta wa yaro ɗan abin da zai iya, ba shafi guda ba. Yana karantawa da ƙarfi, bakinsa na aiki, jikinsa na rangaji gaba da baya, babu mai ce masa ya daina motsi. Da ya iya sai ya tashi ya je ya biya wa malam, nan take a ce masa ya yi ko bai yi ba, a ƙara masa. Ɗan guntun aiki, motsin jiki, sakamako nan da nan. Mu kuma a boko sai mu ce ya zauna shiru rabin awa ko fiye, ya kwafi abu mai tsawo, makin kuma sai gobe ko jibi in an samu damar duba littattafai. Yaro ɗaya ne a wuraren biyu, tsarin ne ya bambanta.

Saboda haka lissafin nan 10, kada ki rage masa, ki yanka masa. Ki ce ya yi 3 ya kawo miki. Tasowar da zai yi daga benci zuwa teburinki ita ce motsin da jikinsa ke nema, kuma ta halal ce. Ki sa masa jan biro, ki ce ya ƙara yin 3. Wannan ba zai ɗauke ki daƙiƙa 10 ba. In kina ba shi umarni, ki matso, ki kira sunansa, ki faɗi abu ɗaya, ki ce ya maimaita miki. "Ku fito da littafi ku buɗe shafi kaza ku ja layi ku rubuta kwanan wata" abu huɗu ne, na farko kaɗai zai kama.

Wurin zama: gaba, gefen da kika fi tsayawa, nesa da taga da ƙofa. Ki sa shi a ƙarshen benci yadda in ya miƙe ba zai taka kowa ba. In ya fi iya rubutu a tsaye, ki bar shi ya yi a tsaye, ba a taɓa faɗuwa jarrabawa saboda tsayuwa ba. Wanda zai zauna kusa da shi ya zama yaro mai sanyin hali, ba abokin wasansa ba, ba kuma mai yawan kai ƙara ba.

Ki ba shi aiki na dindindin. Goge allo, raba littattafai, kai rijista ofis. Kuma in ya yi laifi kada ki ƙwace aikin, domin ba lada ba ne, buƙata ce. Aiki ɗaya ne ban yarda a ba shi ba, wato monita mai rubuta sunayen masu surutu. Zai tara abokan gaba, shi kansa kuma sunansa ne zai cancanci hawa farko. Haka nan kada a hana shi fita tara a matsayin horo. Yaron da bai yi gudu da ƙarfe tara ba, a cikin ajinki zai yi gudun da ƙarfe goma.

Ku yi wata alama tsakaninku ku biyu. Ni alli nake ɗan ƙwanƙwasawa a kan bencin yaro in wuce, ban ce komai ba, darasi bai tsaya ba, ajin bai juyo ya kalle shi ba. Yawan kiran sunansa da tsawa a gaban 'yan'uwansa shi ya kai shi ga cewa ba ya ji. Ki nemi inda ya yi daidai ki faɗa a fili, kuma ki faɗi takamaiman abin: "Ka jira na kira ka kafin ka amsa, na gani." Wannan ya fi "yaron kirki" amfani sau goma.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ke kina riƙe da fiye da ninki biyu. Don haka kada ki ɗora wa kanki duk abin da na lissafa a rana ɗaya. Ki fara da wurin zama da yanka aiki, in sun zauna ki ƙara.

Malamin Lissafi, sakandare:

Baba Hedimasta, a yi mini afuwa, ina da ja. Malama, na yaba da tausayinki, amma ina tsoron ƙofar da muke buɗewa. In muka karɓi wannan suna, gobe duk malalacin yaro da wanda aka sangarta iyayensa za su ce lalura ce. Ni a sakandare nake, ina ganin ƙarshen yaran da ba a tsawata musu ba a firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran yanzu waya da katun ne suka cinye musu hankali, a gida ba a hana su, a makaranta kuma a ce kar a taɓa su.

Na biyu, sauran yaran fa? Su ma amana ne. Yarinyar da ta zauna shiru ta gama aikinta ba wanda ya ce mata sannu, shi kuma da ya hana kowa sakat shi ke samun kujerar gaba da aikin kai rijista da yabo. Yara ba wawaye ba ne, za su gane cewa ƙiriniya tana da riba.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, na ji cewa ƙwaya ake ba irin waɗannan yara a Amurka. Mu da muke fama da shaye-shaye a unguwanninmu, har sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, yanzu kuma mu fara ba ɗan firamare ƙwaya don ya zauna? Ina da ɗalibai da ƙwaya ta lalata a gaban idona. Da gaske nake tambaya, ba don musu ba.

Likitar Yara, Kaduna:

Malam, tsoronka na da tushe, kuma zan amsa shi. Amma bari in fara da maganar waya. Wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya yi bayanin irin wannan rashin nutsuwa a 1798. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu ƙwaƙwalwa lafiya lau amma ba sa iya riƙe kansu. Babu talabijin a lokacin balle waya. Yawan kallo na iya hana yaro barci ya ƙara dagula abin, amma ba shi ne asali ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ke ɗauke da kaso mafi girma, kimanin 70 zuwa 80 cikin 100. Kuma idan aka haɗa binciken ƙasashe daban-daban, abin na shafar kimanin yara 5 cikin 100. A aji mai yara 80, lissafin ya kai wajen 4. Malama ta ga ɗaya ne saboda shi ne mai hayaniya.

Ba kowane mai ƙiriniya ake liƙa wa sunan ba, akwai sharuɗɗa. Alamun su daɗe aƙalla wata 6. Su fara kafin shekara 12. A gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Su wuce abin da aka saba gani ga sa'o'insa, kuma su zama suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Yaron da ke fitina a gaban uwarsa kaɗai, ya nutsu a ko'ina, wannan maganar tarbiyya ce, kuma likita zai faɗa wa iyayen haka.

Malama, ke ba za ki yanke hukuncin ba, ƙawarki ma haka. Kafin a kai ga ADHD akwai abubuwan da nake fara dubawa, don suna kama da shi ƙwarai. Kunne: yaron da ya sha fama da ciwon kunne mai ruwa yana iya jin rabin magana kawai, a ce ba ya saurare. Ido: wanda ba ya ganin allo zai kwafi layi biyu ya gaji. Yunwa da ƙarancin jini. Barci: ƙarfe nawa yake kwanciya, yana minshari mai ƙarfi? Akwai nau'in farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro ya ƙafe ido na 'yan daƙiƙoƙi, ko an kira shi ba ya amsawa, sannan ya dawo kamar ba a yi ba, sau da yawa a rana. Akwai gubar dalma, wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010. Kaɗan daga cikinta ba ya kisa amma yana taɓa nutsuwa da karatu, kuma ana samunta inda ake fasa tsofaffin batura da cikin wasu nau'o'in kwalli. Akwai yaron da ya ga tashin hankali, musamman waɗanda rikicin 'yan bindiga ya koro daga garuruwansu. Sai shekaru: an lura a ƙasashe da dama cewa mafi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan suna, alhali ƙuruciya ce kawai. Iyayen da ke sa ɗan shekara 4 a aji ɗaya su yi tunani a nan. Sannan ki gwada karatunsa shi kaɗai, domin wahalar haɗa baƙi da wasali na yawan zuwa tare da wannan lalura, kuma yaron da rubutu ke ba wuya zai guje masa ta kowace hanya.

Wurin zuwa: a Kano, sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daga nan su tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa in da buƙata. Na Zariya akwai asibitin koyarwa na Shika. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ki rubuta wa mahaifiyarsa takarda ta tafi da ita: abin da kike gani, tun yaushe, a wane darasi ya fi tsanani, da inda yake ƙoƙari. Takardar malami ta fi mana amfani fiye da minti 15 da yaro zai yi a ɗakin likita, inda sau da yawa tsoro ke sa ya zauna tsit.

Maganin da Malam ya ji labari, methylphenidate, gaskiya ne akwai shi, kuma yana taimakon yara da yawa. Amma magani ne da doka ta tsare, ƙwararren likita kaɗai ke rubuta shi, ana bibiyar nauyin yaro da barcinsa da cin abincinsa domin yana rage sha'awar abinci. Kada kowa ya je kemis ya ce a ba shi maganin nutsuwa. Abin da za a miƙo masa mai sa barci ne, kuma cutarwa ce. Ba kowane yaro ke buƙatar magani ba, ga 'yan ƙasa da shekara 6 ma horar da iyaye ake fara yi. Game da shaye-shaye, binciken da aka yi bai nuna cewa shan maganin a hannun likita na jefa yaro cikin maye ba. Abin da aka tabbatar shi ne lalurar kanta, in aka bar yaro da duka da kora da faɗuwa jarrabawa, tana ƙara haɗarin barin makaranta da faɗawa shaye-shaye. Malam, ina kyautata zaton wasu daga cikin ɗaliban da ka gani sun lalace, irin yaron nan ne da ba su samu malama irin wannan ba.

Duka kuwa ba ya aiki a nan saboda yaron ya san dokar sarai. Matsalarsa riƙe ta a daidai lokacin da ake buƙata. Zafin bulalar jiya ba ya zuwa masa a daƙiƙar da hannunsa ya kai ga biron wani. Ba cewa nake kar a yi horo ba. A yi shi ƙarami, nan take, ba wulaƙanci, kuma iri ɗaya kullum.

Haƙƙin sauran yara magana ce mai kyau. Akwai wata dabara da aka fara gwadawa a wata firamare a jihar Kansas ta Amurka a 1969, an kuma maimaita ta a ƙasashe da yawa. A raba aji rukuni-rukuni, a rubuta doka biyu ko uku a allo, a ware minti 10 ana darasi. Rukunin da aka karya doka a cikinsa a sa masa alama. Duk rukunin da alamominsa ba su wuce adadin da aka yanka ba, to ya ci wasan, ko da duk rukunonin ne suka ci. Ladan ba kuɗi ba, su fara fita tara ko su zaɓi waƙar da za a yi. Da haka yarinya mai shiru ma ta samu rabonta. A kula dai kada rukuni ya taru a kan yaro ɗaya.

Uwar 'Yan Mata, Katsina:

Ni ba malama ba ce, uwa ce. Na shigo ne saboda maganar Likita cewa Malama ta ga mai hayaniya ne kawai. 'Yata ta biyu ba ta taɓa damun kowa a aji ba. Shiru-shiru ce, tana zaune tana kallon allo, hankalinta na wani gari. Ba wanda ya taɓa kirana makaranta a kanta, sai dai sakamako ya zo tana can ƙasa. A gida ta ɗora tukunya ta manta, a aike ta ɗaki ta tsaya a tsakar gida ta rasa me aka ce. 'Yan'uwanta suka sa mata Sokuwa. Har an fara cewa ba ta da kan boko, a bar ta ta gama firamare a huta. Da namiji ne mai tsalle-tsalle da tuni an lura. An ce yara maza da ake gano suna da wannan lalura sun ninka mata, ni dai ina zargin matan ba a ganinsu ne.

Abin da ya sa mutane suka ƙi yarda da ita shi ne in ta zauna zanen lalle, sai ta wuni ba ta ɗago kai ba. Sai a ce ashe tana iyawa, da gangan take yi. Likitan da ya duba ta ya ce haka abin yake, nutsuwar tana nan, juya ta zuwa abin da ba ya jan rai ne ke gagara.

Wata malamarta a aji biyar, Allah Ya saka mata da Aljanna, ita ta kawo mana dabarar kati. Ɗan kwali ne ta rubuta abu uku: ta fara aiki da aka ce a fara, ta gama abin da aka yanka mata, ta rubuta aikin gida a littafi. Bayan kowane darasi ta sa alama. Yarinya ta kawo mini da rana. In ta samu yawanci, ita ke zaɓar abin da za a dafa da dare ko in saya mata lalle ranar Juma'a. In ba ta samu ba, ba faɗa, gobe ma rana ce. Malama, in za ki yi wa yaronki wannan, ki tabbatar kin yi magana da gidan tukuna. In katin ya zama takardar sammacin duka, gara ba a yi ba, zai fara yar da shi a hanya.

Mu kuma a gida jaka da dare ake haɗawa, ba da safe ba, kuma fensir ɗaure yake da zare a jikin jakar. Yanzu tana sakandare. Ba ta ɗaya take zuwa ba, amma tana wucewa, kuma ta daina cewa ita sokuwa ce.

Malamar Aji Uku, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Hedimasta, na dawo da shi gaba na kuma fara yanka masa aiki. Bai zama wani yaro daban ba, jiya ma sai da ya zubar wa wata ruwa a littafi, amma lissafin da yake gamawa ya ƙaru. Malamin Lissafi, maganarka kan sauran yaran ta shige ni, zan gwada wasan rukunin saboda su. Maman 'yan mata, akwai yara mata biyu a layin baya da zan fara sa wa ido.

Ga inda na maƙale. Mahaifiyar ta yarda da zuwa asibiti, amma magana a hannun mahaifin take. Mai gyaran babur ne, kuma ta ce ya gaji, yana cewa in zangon nan ya ƙare ba canji zai cire shi ya zaunar da shi a gareji, ko ya tura shi karatun allo wani gari. Ta ce in ya ji kalmar likitan ƙwaƙwalwa zai ɗauka ana ce wa ɗansa mahaukaci, a nan magana za ta mutu. Ta yaya zan tunkare shi?

Tsohon Hedimasta, Zariya:

Kada ki aika masa takardar kira, 'yata. Uban da aka saba kira don a kai masa ƙara, da sanda a zuciyarsa yake zuwa. Ki sa hedimastanku ya nemi ganinsa cikin girmamawa, a lokacin da ba zai rasa ciniki ba. In da hali ku nemi malamin Islamiyyar ya zauna tare da ku, domin shi ne mutum ɗaya da ke da labari mai daɗi a kan yaron, kuma maganarsa na da nauyi a wurin uban. Shi zai fi ku iya tuna masa cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro, bai taɓa ce masa tir ba.

Ki fara da nuna masa, ba faɗa masa ba. A kira yaron, ki jefa masa lissafi da baki a gaban ubansa, na kuɗi da canji irin na gareji. Bari ya ga abin da ɗansa ke iyawa, wataƙila bai taɓa gani ba. Sannan a sallami yaron, sauran maganar ba a gabansa ba.

Batun asibiti, ki faɗi gaskiya daidai gwargwadonta: kina so likitan yara ya duba kunnensa da idonsa da jininsa, a tabbatar ba abin da ke hana shi nutsuwa. Da ma daga nan Likita ta ce ake farawa. In an kai ga mataki na gaba, likita ya fi ki sanin yadda zai yi bayani. Ki kuma tambaye shi a hankali ko akwai wanda ya yi irin wannan ƙuruciya a dangi. Tunda abin na bin jini, sau da yawa uban ne da kansa ko ƙaninsa, kuma mutumin da ya tuna dukan da ya sha a aji yakan sassauta.

Gareji kada ki kushe shi, sana'ar mutumin ce, kuma yaron da ke kwance biro don ya ga cikinsa zai so kwance kafireto. Ki ce ya riƙa zuwa da shi ranar Asabar da lokacin hutu, ya koya a hannunsa. Abin da za ki ƙi shi ne garejin ya maye gurbin makaranta, da kuma tura shi wani gari. Yaro mai mantuwa da gaggawa, nesa da uwarsa, cikin ɗaruruwan almajirai, shi ne farkon shan duka da shiga haɗari a titi. Haddarsa na tafiya a inda yake, a bar shi a nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, amma kada ki ɗaga masa doka, ba za ta saya miki komai ba sai gaba.

Ki roƙe shi abu biyu kawai: ya ƙara muku zango ɗaya, kuma a cikin zangon kada a doki yaron a gida kan abin da ya shafi makaranta, a bar muku wannan. Ki ajiye littafin lissafinsa na yanzu a ofis, ki ba shi sabo. Ƙarshen zango ku ɗora biyun a gaban uban ya buɗe da hannunsa.